Yadda za ka auna kuɗi da ƙarfin aiki kafin ka sayi sabuwar furosesa

Duk wanda ya shiga shagon kwamfuta a Beirut Road a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, tambayar da yake fara yi game da furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aikin kwamfuta, ita ce: "Wannan i5 ce ko i7?" Mai shago ya san haka, shi ya sa yake fara ambato lambar kafin ya faɗi farashi. Wannan tambayar ta sa mutane da yawa sun biya kuɗin da bai kamata su biya ba. Core i7-7700K ta fito a 2017 da cibiyoyin aiki huɗu, wato sassan cikinta da kowanne ke iya ɗaukar aiki shi kaɗai. Core i3-12100 ta fito a 2022, ita ma cibiyoyinta huɗu, kuma a yawancin ayyuka i3 ɗin ce ke gaba. Ga shi kuma i7 ɗin ba ta cikin jerin waɗanda Microsoft ta amince su ɗauki Windows 11, alhali tun 14 ga Oktoba 2025 aka daina kula da Windows 10 kyauta. Wanda ya bi suna ya sayi tsohuwar ya yi asara biyu.

Abin da za a auna shi ne aikin da furosesa za ta yi maka, da jimillar kuɗin da za ta jawo maka, daga ranar saye har lokacin da za ka rabu da ita. Ga yadda ake bi.

Fara da rubuta aikinka, kafin ka kalli kowace furosesa

Ɗauki takarda ka rubuta manhajoji uku da ka fi daɗewa a kansu kullum. Kada ka rubuta waɗanda kake fatan koya wata rana, rubuta waɗanda kake ci da su yanzu. Mai shagon buga takardu zai rubuta Word da CorelDRAW da burauza. Mai tace fim zai rubuta Premiere Pro ko DaVinci Resolve. Mai zanen gini zai rubuta AutoCAD da Revit, wataƙila da Lumion. Mai gidan gem zai rubuta wasannin da yara ke zuwa bugawa.

Dalilin wannan shi ne furosesa tana da ƙarfi iri biyu, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Akwai saurin cibiya guda, akwai kuma ƙarfin da take bayarwa idan duk cibiyoyinta suka haɗu a kan aiki ɗaya. Shago mai teloli goma sha shida zai gama kayan anko da wuri, amma idan aikin wuyan riga ɗaya ake yi, hannun gwani guda ne ke motsi, sauran kallo suke. CorelDRAW da AutoCAD da yawancin aikin Photoshop da kusan duk aikin ofis irin aikin wuyan rigar ne: saurin cibiya guda suka fi so. Fitar da dogon bidiyo, da renda a Blender, wato fitar da hoton ƙarshe na zanen 3D, da matse manyan fayiloli, da kunna manhajoji masu nauyi da yawa a lokaci guda, su ne ke cin moriyar yawan cibiyoyi. Ryzen 9 7950X tana da cibiyoyi 16, an fito da ita a kan dala 699. Idan ka ba mai CorelDRAW ita, cibiyoyi goma sha wani abu za su yini suna zaune, shi kuwa ya biya kuɗinsu.

Wasannin kwamfuta nasu daban ne. Sun fi dogara da katin hoto, wato na'urar da ke zana abin da ke fitowa a allo, kuma a furosesa abin da ke ɗaga su shi ne saurin cibiya da girman ƙaramar ma'ajiyar da ke cikin furosesar kanta, wadda ake kira kash. Za mu dawo kan wannan.

Koyi karanta sunan

Wannan matakin ba shi da wuya, amma shi ne ke hana a yi maka rufa-rufa.

A wajen Intel, lambobin farko bayan i3 ko i5 ko i7 su ne zuriya. 12400 zuriya ta 12 ce, 14700 ta 14, 7700 ta 7. Daga Oktoba 2024 kamfanin ya sauya salon sunan na kwamfutar tebur zuwa Core Ultra, irin su Core Ultra 5 245K da Core Ultra 7 265K. A wajen AMD, lambar farko ce ke nuna jerin: Ryzen 5 5600 jerin 5000, Ryzen 5 7600 jerin 7000, Ryzen 7 9700X jerin 9000.

Haruffan ƙarshe kuwa kuɗi ne tsagwaronsa. F a Intel na nufin babu sashen nuna hoto a cikinta. Idan ba ka da katin hoto, allonka baƙi zai tsaya. K na nufin an buɗe ta don a ƙara mata gudu da hannu, kuma tana zuwa ba tare da fanka ba. A AMD, G na nufin tana da sashen hoto mai ɗan ƙarfi a cikinta, X na nufin an ɗan ƙara mata gudu, X3D na nufin an ɗora mata ƙarin kash. Ka lura da wani tarko: duk Ryzen ɗin jerin 5000 da ba ta da G ba ta nuna hoto da kanta, ko da babu F a sunanta. Mutane sun sha sayen 5600 su kai gida, su jona waya a bayan madabod, babban farantin da ake dasa duk kayan kwamfuta a kai, su ga shiru. Daga jerin 7000 ne AMD ta fara sa ɗan ƙaramin sashen hoto a kusan dukkansu, ban da masu F irin su 7500F.

Wani tarkon shi ne sunaye masu kama da juna. Ryzen 5 5500 da Ryzen 5 5600 duk cibiyoyi shida ne, tare suka fito a Afrilu 2022, ɗaya dala 159, ɗaya dala 199. Amma kash ɗin 5500 megabait 16 ne, na 5600 kuwa 32, sannan a PCIe, hanyar da furosesa ke magana da katin hoto, 5500 ta tsaya a 3.0, 5600 tana kai wa 4.0. Ga mai aikin ofis bambancin ba zai dame shi ba. Ga mai gem, dala arba'in ɗin nan sun cancanci a biya su.

Haka kuma sabuwar zuriya ba kullum take zama sabon abu ba. Zuriya ta 14 ta Intel kusan ta 13 ce aka ɗan ƙara wa gudu: i9-13900K da i9-14900K duk cibiyoyi 24 ne, ƙololuwar gudun ta tashi daga 5.8 zuwa 6.0 GHz, ma'aunin yawan bugun furosesa a daƙiƙa. Wadda ta samu ƙari na gaske ita ce i7-14700K, da aka ƙara mata ƙananan cibiyoyi huɗu a kan na 13700K. Idan ka tarar da ta 13 ta fi ta 14 araha sosai, ba wani abin kirki ka rasa ba.

Nemo ƙarfin aikin da lamba, ka manta da GHz

GHz yana da amfani ne kawai idan furosesa biyu 'yan gida ɗaya ne, zuriya ɗaya. Tun 2013 AMD ta fitar da FX-9590 mai kaiwa 5.0 GHz tana shan wat 220, kuma ƙaramar i3 ta yau mai gudun da bai kai haka ba ta fi ta nesa ba kusa ba, saboda aikin da sabuwar ke yi a kowane bugu ya ninka na tsohuwar. Don haka idan aka ce maka "ai wannan tana da 4.9", ka tambaya: ta wace shekara?

Abin da za ka yi shi ne ka zaɓi furosesa uku ko huɗu da kuɗinka zai iya kaiwa, ka nemo makin gwajinsu. Manhajar gwaji ta Cinebench tana ba da maki biyu, na cibiya guda da na dukkan cibiyoyi. PassMark ma haka, kuma jerinsa ya ƙunshi tsofaffi da sababbi, don haka yana da daɗin kwatanta abin da kake da shi yanzu da abin da kake son saye. Ka tabbata makin da kake kwatantawa daga gwaji iri ɗaya suka fito, fitowa ɗaya. Makin Cinebench R23 ba ya haɗuwa da na Cinebench 2024, ma'auninsu daban ne.

Wanda ya fi duk waɗannan shi ne gwajin da aka yi da manhajarka. Kamfanin Puget Systems na Amurka yana wallafa gwaje-gwaje a kan Premiere Pro da Photoshop da DaVinci Resolve. Ga wasanni, ka nemi gwajin da aka yi da katin hoto irin wanda za ka saya. Masu gwaji kan yi amfani da kati mafi tsada a duniya don bambancin furosesa ya fito fili. Kai da za ka sa matsakaicin kati, tazarar da ka gani a jadawalinsu za ta ragu ƙwarai a gidanka, wani lokaci ta ɓace.

A ganina duk bambancin da bai kai kashi 10 cikin ɗari ba, kada ka biya masa ko sisi, domin ba za ka ji shi a hannunka ba. Misali mai kyau shi ne Ryzen 5 7600 da 7600X. Cibiyoyi shida duka, ƙololuwar gudu 5.1 da 5.3 GHz. Farashin ranar fitowa dala 229 da dala 299. Wato ƙarin kusan kashi 30 a kuɗi don ƙarin kusan kashi 4 a gudu. Kuma mai arahar ce ke zuwa da fanka a cikin kwali, mai tsadar sai ka saya mata.

Haɗa kuɗin duk abin da furosesar za ta jawo

A nan yawancin mutane ke kuskuren lissafi, kuma kuskuren ta fuska biyu yake zuwa.

Furosesa ba ta tafiya ita kaɗai. Ita ke zaɓar maka soket, wato gurbin da take zama a kan madabod, soket ya zaɓi madabod, madabod ya zaɓi irin RAM, ma'ajiyar aikin da ake kan yi. Soket huɗu ne za ka fi cin karo da su a kasuwa. AM4 na AMD ya fito tun 2016, yana ɗaukar Ryzen har jerin 5000, da RAM DDR4. AM5 ya fito a Satumba 2022, yana ɗaukar jerin 7000 da 8000 da 9000, DDR5 kaɗai. LGA1700 na Intel yana ɗaukar zuriya ta 12 da 13 da 14, kuma akwai madabod ɗinsa mai DDR4, akwai mai DDR5, amma babu yadda za ka sa wannan a ramin wancan. LGA1851 na Core Ultra ne, DDR5 kaɗai.

Saboda haka a takardarka, kowace furosesa ta samu layinta: kuɗinta, kuɗin madabod ɗin da ya dace da ita, kuɗin RAM, kuɗin fanka idan ba ta zo da shi ba, da ƙarin kuɗin fawa fak, akwatin da ke ba injin lantarki, idan mai shan wuta ce. Ka tambayi farashin ranar, daga shaguna biyu ko uku, domin tun da aka saki naira a Yuni 2023 farashin kayan kwamfuta ba ya zama wuri ɗaya, kuma a ƙarshen 2025 kuɗin RAM ya yi tashin gwauron zabi a duniya baki ɗaya. Farashin da wani ya faɗa maka watanni uku da suka wuce labari ne kawai.

Fuskar farko ta kuskuren ita ce ganin furosesa biyu farashinsu ya yi kusa, a ɗauki sabuwar, sai a gano madabod da RAM ɗinta sun ci kuɗin da aka tanada don katin hoto. Wanda yake da madabod ɗin AM4 a gida, irin B450 ko B550, da DDR4 ɗinsa, shi ya fi kowa sa'a: zai iya cire tsohuwar Ryzen ya sa 5600 ko 5700X, ya samu tsalle babba da kuɗin abu ɗaya. Sai dai B450 yana buƙatar a sabunta masa BIOS, manhajar da ke cikin madabod ɗin kansa, kafin ya gane jerin 5000, kuma a yi sabuntawar tun tsohuwar furosesar tana ciki.

Fuska ta biyu ita ce ta masu tsananin tsimi, kuma ba a cika maganarta ba. Mu ƙaddara lambobi don misali kawai. Furosesa A naira dubu 200, makinta 100. Furosesa B naira dubu 300, makinta 130, soket ɗaya. Idan ka kalle su su kaɗai, B ta fi tsada da kashi 50 don ƙarin ƙarfi kashi 30, sai ka ce kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. To amma ba furosesa za ka kunna ba, kwamfuta za ka kunna. Idan sauran kayan duka naira dubu 700 ne, injin mai A ya tashi dubu 900, mai B ya tashi miliyan ɗaya. Ƙarin kashi 11 ke nan don ƙarin ƙarfi kashi 30. Idan aikinka yana cin wannan ƙarfin, B ce mai arahar. Don haka ka raba maki da jimillar kuɗin injin, ba da kuɗin furosesa kaɗai ba.

Sharaɗin shi ne "idan aikinka yana ci". Mai tace fim da ke fitar da bidiyo sau biyar a rana, kowane minti goma da ya rage kuɗi ne. Mai cike fom a intanet ba zai ga komai ba. Dubu ɗarin nan gara ya sa su a SSD, ma'ajiyar fayiloli mai sauri, da ƙarin RAM. Kwamfutar da har yanzu take tashi daga tsohuwar ma'ajiyar fayiloli mai faifai mai juyawa, ko wace furosesa ka sa mata jan ƙafa za ta yi.

Kada kuma ka ɗora babbar furosesa a kan madabod mafi araha. H610 da A620 da A520 sun ishi i3 da i5 marasa K da Ryzen 5. Idan ka sa musu i7 ko i9 mai jan wuta, sashen da ke ciyar da furosesa lantarki zai yi zafi, ya rage mata gudu, ka zama ka biya kuɗin ƙarfin da ba ka samu ba. B760 da B650 da B550 su ne na tsakiya, kuma sun ishi kusan kowa. Z790 da X670 na masu ƙara gudu da hannu ne da masu buƙatar ramuka da yawa. RAM kuwa ka sayi sanda biyu maimakon ɗaya: biyu masu gigabait 8 sun fi ɗaya mai 16 gudu, musamman ga furosesa mai G, da RAM ɗin take aikin hoto.

Lissafa wuta da zafi

Mai gwaji a Jamus ko Amurka yana zaune a ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta ɗaukewa, don haka wannan bai cika damunsa ba. Kai da za ka kunna injin a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu, zafi ya haura maki 40, a kan janareta ko batirin sola, wannan yana cikin farashi.

Lambar wat da ke jikin kwali ba ita ce iyakar abin da furosesa ke sha ba. Core i5-12400F an rubuta mata 65, amma tana iya kaiwa 117 idan aiki ya yi nauyi. Core i9-13900K da 14900K an rubuta musu 125, suna kaiwa 253. A AMD ƙa'idar mai sauƙi ce: mai 65 tana kaiwa 88, mai 105 tana kaiwa 142, mai 170 tana kaiwa 230.

Yanzu yi lissafi. A Afrilu 2024 hukumar NERC ta kai kuɗin wutar rukunin Band A naira 225 a kowane yunit. Idan furosesa ɗaya ta fi wata shan wat 100, kuma tana aiki mai nauyi awa 8 a rana, kwana 26 a wata, yunit 20.8 ke nan, kusan naira 4,700 a wata, sama da dubu 56 a shekara a wancan farashin. Wannan ga mai renda ne da ke matsa mata duk yini. Idan rubutu kake yi, dukansu kaɗan suke sha. Ga mai sola lissafin ya fi zafi. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da kusan wat-awa 2,400, kuma idan na ruwan acid ne rabinsa ya kamata ka taɓa don ya yi ƙarko. Wat-awa 1,200 zai riƙe injin mai shan wat 150 kusan awa 8, mai shan 400 kuwa awa 3, kafin ma a cire abin da inbata ke ci.

Zafi kuma kai tsaye yake rage ƙarfin da ka saya. Furosesa tana da iyaka, maki 95 ga yawancin Ryzen 7000, maki 100 ga yawancin Intel na zuriya ta 12 zuwa 14, kuma idan ta kai nan da kanta take sassauta gudu. Babbar furosesa da ƙaramin fanka a ɗaki marar iska za ta iya komawa aikin matsakaiciya. Ga ƙurar hunturu da ke toshe ƙarfen fanka cikin 'yan makonni idan ba a hurewa. Shi ya sa nake ganin masu wat 65 sun fi dacewa da yawancin shagunanmu: fankan cikin kwali ko matsakaicin fanka na iska ya ishe su, ba sa neman na'urar sanyaya ta ruwa, kuma ƙaramar UPS tana riƙe su har ka ajiye aikinka. Idan ka riga ka sayi Ryzen mai X, akwai Eco Mode a BIOS da ke sauke ta zuwa wat 65, ƙarfin da za ka rasa kaɗan ne idan aka kwatanta da zafin da zai ragu.

Inda kuɗi ya fi yin aiki

Ƙa'idar da ta daɗe tana aiki ita ce daga ƙasa zuwa tsakiya kowane ƙarin kuɗi yana sayo ƙarfi mai yawa, daga tsakiya zuwa sama kuwa kuɗin yana gudu ƙarfin yana rarrafe.

Ga ofis da makaranta da shagon buga takardu, i3 ta zuriya ta 12 zuwa sama wadda ba ta da F, ko Ryzen 5 5600G, sun wadatar, kuma ba ka buƙatar katin hoto. Ga mai zane da hoto da ƙananan bidiyo, masu cibiya shida su ne wurin tsayawa: i5-12400, Ryzen 5 5600, Ryzen 5 7600.

Mai tace fim ya ɗan dakata a nan. Sashen hoton da ke cikin Intel yana da wani abu mai suna Quick Sync, wanda ke ɗaukar nauyin buɗe bidiyon H.264 da HEVC, irin wanda yawancin kyamarori da wayoyi ke ɗauka. Premiere Pro yana amfani da shi, kuma shi ke sa hoto ya riƙa tafiya sumul lokacin da kake yanka. Masu F ba su da shi. Tazarar i5-12400 da 12400F a farashin kamfani kusan dala 25 ce. Ga mai wannan sana'ar, tsimin dala 25 ɗin nan araha ce da ba ta ado. Ko ga kowa ma, ranar da katin hoto ya mutu, wadda ba ta da F za ta ci gaba da nuna maka allo har ka samu wani.

Ga mai gem, masu X3D su ne sarakuna. Ryzen 7 5800X3D ta fito a Afrilu 2022 da kash megabait 96 a kan dala 449, 7800X3D ta biyo a Afrilu 2023 a farashi ɗaya, 9800X3D a Nuwamba 2024 a kan dala 479. Cibiyoyi takwas kawai gare su, amma a wasanni 7800X3D tana gogayya da i9 mai cibiyoyi 24, a da yawa tana wuce ta, tana kuma shan wutar da ba ta kai rabin tata ba. Duk da haka, idan kuɗinka ƙayyadadde ne, Ryzen 5 da kati mai kyau ya fi X3D da kati mai rauni. Mai gidan gem da zai haɗa inji biyar ko goma, babu dalilin da zai sa ya kalli X3D.

i9 da Ryzen 9 na wanda injin ke yini yana renda ne, kuma yake iya faɗin nawa awa ɗaya take kawo masa.

Duba gaba kaɗan, kada ka yi nisa

AMD ta yi alkawarin ci gaba da fitar da furosesa a kan AM5 har 2027 da bayanta. LGA1700 ya kai ƙarshensa da zuriya ta 14, AM4 ma tsohon gida ne. Wannan yana da daraja idan kai mai sauya furosesa ne bayan shekara biyu ko uku. Idan kuwa kai irin masu haɗa inji su yi shekara shida ba su buɗe shi ba ne, kada ka biya kuɗi mai yawa don wannan alkawarin. Lokacin da za ka tashi sauyawa, komai za ka sauya.

Akwai wani abu da ya kamata ka sani game da zuriya ta 13 da 14 ta Intel. A 2024 kamfanin ya amsa cewa wasu daga cikinsu, musamman daga i5-13600K zuwa sama, suna neman lantarkin da ya wuce kima, wanda ke lalata su a hankali har injin ya fara tsayawa da faɗuwa. Ya fitar da gyara ta hanyar sabunta BIOS a Agusta da Satumba na shekarar, ya kuma ƙara musu shekara biyu a garanti. Gyaran yana kare wadda ba ta lalace ba, amma ba ya warkar da wadda ta riga ta taɓu. Idan sabuwa za ka saya, ka sabunta BIOS ranar farko. Idan ta hannu ce, i7 ko i9 ta waɗannan zuriyoyi, ni dai ba zan ba ka shawarar ɗauka ba, komai arahar.

Ranar saye

Tambayi mai shago ko ta kwali ce ko ta tire. Ta kwali tana zuwa da hatimi da garantin kamfani na shekara uku, sau da yawa da fanka. Ta tire tsirara take zuwa a ɗan roba, ta fi araha, kuma garantinta na hannun wanda ya sayar maka. Ba laifi ba ne sayenta, muddin farashin ya nuna hakan kuma an rubuta maka kwanakin garanti a rasit, tare da lambar da ke jikin furosesar.

Juya ta ka duba. Ryzen ta AM4 allurai gare ta a ƙasa. Karkata ta ga haske ka ga ko layukan sun miƙe. A AM5 da Intel alluran suna cikin soket ɗin madabod, don haka can za ka duba kafin ka biya, domin da wuya a karɓi madabod mai lanƙwasasshen allura idan ka fita da shi. Idan an ce sabuwa ce amma ka ga ragowar man sanyaya, wanda ake shafawa tsakaninta da fanka, a gefenta ko sawun fanka a samanta, an taɓa amfani da ita, sai a sake ciniki.

Rubutun saman furosesa ana iya goge shi a sake wani, don haka kada ka tsaya a kansa. Ka nemi a ɗora ta a gabanka, a kunna, a buɗe manhajar CPU-Z. Sunan da ya fito, da yawan cibiyoyi, da girman kash, su dace da abin da ke shafin Intel ko AMD. Idan ka ga ES a sunan, samfurin gwaji ne na masana'anta, ba na sayarwa ba, kuma ba shi da garanti.

Bayan an haɗa injin, shiga BIOS ka kunna XMP ko EXPO, in ba haka ba RAM ɗinka zai tsaya a ƙaramin gudu. Sannan ka kunna Cinebench na minti goma, HWiNFO yana buɗe a gefe yana nuna maka zafi. Makin da ka samu ya kamata ya yi kusa da wanda ka gani a gwaje-gwajen da ka duba tun farko. Idan ya gaza da kashi 10 ko fiye, ko zafin ya manne a iyaka tun mintin farko, duba ko an cire ledar da ke ƙasan fanka, ko man sanyaya ya isa, ko ƙusoshin fankan huɗu sun ɗauru daidai. Idan duk wannan lafiya lau ne makin bai tashi ba, ka mayar da kayan tun kwanakin da aka rubuta maka a rasit ba su cika ba.